Sabon shok ya nutse da hannu: a mayar ko a ɗaura?

Salamu alaikum. Malam mai Corolla, ka ce ka sayo shokzoba na gaba guda biyu sababbi cikin kwali, makanikenka ya dasa ɗaya a ƙasa ya danna da tafin hannu sai ya nutse ba gardama, sannan ya lura ɗaya yana rigan ɗaya tasowa, shi ya sa ya ce jabu ne, a mayar. Kana tambaya ko akwai yadda ake gane ƙarfin shok kafin a ɗaura shi. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ka mayar kawai. Ni a ganina ka ɗan dakata, domin abin da ka bayyana bai isa a yanke wa kayan hukunci ba. Na daɗe ina tsayawa a kan gyaran ƙafar mota, tawa da motocin haya da na taɓa kula da su, kuma wannan gardamar ta danna shok da hannu ba na jin akwai garejin da ba a yi ta ba.

Shok ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne. Aikin shok shi ne ya hana sifirin ci gaba da rawa bayan taya ta faɗa rami. A cikinsa mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi da bawul, duk motsin da ƙafa ta yi sai an tilasta wa man nan bi ta ƙofofin. Ɗauki sirinji ka zuƙi ruwa: in ka tura a hankali zai tafi sumul, in ka yi ƙoƙarin turawa da sauri lokaci guda sai ya ƙi, ya tokare maka yatsa. To haka shok yake. Taurinsa yana bin saurin da aka buge shi ne. Hannun mutum, ko da ƙato ne, 'yan santimita kaɗan yake tura sandar shok a daƙiƙa. Taya kuwa in ta ci karo da bakin rami ana cikin gudu, sandar kan yi tafiyar da ta kai mita guda a daƙiƙa ko fiye. Bawul ɗin da ke aiki a wannan saurin, hannu bai ma taɓa su ba. Shi ya sa masana'antu suke auna shok a kan inji mai girgiza shi da sauri iri-iri. Saboda haka nutsewa da hannu a hankali ba aibi ba ne, yawancin shok na motocin gida haka suke fitowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin haka. Akwai masu tattara matattun shok su huda jikinsu, su zubar da ragowar man, su ɗura baƙin mai ko man giya mai kauri, su toshe da walda, a goge a fesa fenti, a saka a leda. Irin wannan in ka danna da hannu sai ka ji shi kamar dutse, sai makanike ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa, wannan shi ne mai ƙarfi." Masu wannan sana'ar sun san da hannu ake gwadawa, don haka hannun suke yi wa aiki. A kan mota kuwa makon farko sai ka ji kowane tsakuwa a ƙugunka, daga nan mai ya ɗau zafi, tsohon sil, wato robar da ke hana mai fita, ya saki, jikin shok ya jiƙe sharkaf, mota ta koma tsalle. Na ga direban Golf da ya zaɓi irin wannan da kansa, ya bar na kirki a kan tebur saboda wai ya yi laushi.

Wannan ba ya nufin hannu ba shi da amfani. Yana da shi, sai dai ba tauri zai gaya maka ba, lafiyar tafiyar sandar zai gaya maka. Kuma kafin ka saurari abin da zai faɗa, akwai aikin da za ka fara yi wanda yawancin makanikanmu ke tsallakewa.

Shok iri biyu ne ta fuskar gini. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda mai da gas suke zaune tare a bututun waje ba abin da ya raba su. Akwai mai bututu ɗaya, wanda wani fistin na daban ya raba mai da gas. A kayan kamfanin KYB misali, Excel-G mai bututu biyu ne, Gas-a-Just mai bututu ɗaya. Na gaban Corolla irin naka, mai kujerar sifirin a jikinsa, kusan ko yaushe mai bututu biyu ne. To ka tuna yadda kayan nan suka iso hannunka: a kwance cikin kwali tun daga jirgin ruwa, a kwance cikin tirela daga Legas, a kwance kan kantar shago a Ƙofar Ruwa ko Panteka, wataƙila watanni. A wannan kwanciyar iska kan kutsa cikin bututun da fistin ke aiki. Ka ɗaga shi ka danna nan take, dole ka ji ya tafi fanko na ɗan wani wuri kafin ya kama mai. Ba lalacewa ya yi ba, iska ce, kuma tana fita.

Ka tsayar da shi a miƙe yadda zai zauna a mota, sanda tana sama. In akwai igiyar roba ko waya da ta ɗaure shi, ka danna kaɗan ka cire, ka kawar da fuskarka daga saitin sandar. Ka bar shi ya ɗan huta a tsaye. Sai ka danna shi a hankali har kusa da ƙarshe, kada ka doka shi a gindi, ka bar shi ya taso ko ka jawo shi har ƙarshe. Ka maimaita sau 4 ko 5. Za ka ji a karo na farko yana ɗan ƙugi ko tsalle, a na uku ya fara daidaita, a na biyar ya zama sumul. Daga nan kada a sake kwantar da shi, a jingina shi da bango a tsaye har a ɗaura. Mai bututu ɗaya ba ya buƙatar wannan.

Bayan haka ne za ka sa hankali. Turjiyar ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, ba inda zai kufce ya tafi fanko, ba inda zai cije. Wurin da na fi kula shi ne daidai lokacin juyawa: ka danna zuwa tsakiya, ka ja da sauri, ka sake dannawa da sauri. Na kirki yana kamawa nan take. In akwai rata, wato sandar ta yi tafiyar kamar faɗin yatsa ba turjiya kafin ta kama, kuma ratar ta ƙi ɓacewa duk da fitar da iskar da ka yi, to mai ya yi ƙaranci ko bawul ya samu matsala. Wannan kam a mayar. Haka in ka ji ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe, ko wani ƙas-ƙas a ciki. Sannan ja ya kamata ya fi dannawa wuya, kuma a fili, don an gina shok ne ya bar taya ta hau tudu da sauƙi amma ya riƙe sifirin wajen dawowa. In ja da dannawa duk ɗaya ne, ko dannawa ta fi, ina zargin an taɓa cikinsa.

Batun ɗaya ya riga ɗaya tasowa, wannan shi ya fi ruɗa mutane. Gas ɗin naitirojin da ke ciki shi ke turo sandar waje, kuma ainihin aikinsa hana mai yin kumfa ne in ya sha girgiza a hanya mai gargada. A mai bututu biyu matsinsa kaɗan ne, sabon sil kuwa yana riƙe sanda tam, kuma ba sil biyu da matsewarsu take zuwa daidai. Saboda haka ɗaya ya taso cikin daƙiƙa kaɗan ɗaya ya ɗan yi nawa, wannan ba hujja ba ce. Ko ɗaya ya kwana a inuwa ɗaya ya sha rana a bayan mota, sai ka ga bambanci, balle da safiyar hunturu da mai ke yin kauri. Abin dubawa shi ne in an rubuta gas a jiki, duka biyun su taso da kansu. Ɗaya ya taso ɗaya ya zauna inda ka bar shi, gas ɗin wancan ya zurare. Akwai kuma shok na mai zalla, ba gas, shi ba ya tasowa ko kaɗan kuma lafiyarsa ƙalau. Mai bututu ɗaya shi ne mai wuyar dannawa, don matsin gas ɗinsa ya ninka iskar taya kamar sau 10. Shi ya sa ba a kusantar da wutar walda ko a huda shi.

Ido ma ya yi nasa. Sandar ta kasance tana sheƙi, ba ƙarce, ba ɗigon tsatsa, ba sawun haƙoran filaya. Bakin sil a bushe. Ka shafa jikin bututun, musamman ƙasa, ko za ka ji tudun walda a ƙarƙashin fenti. Lambar kaya a buge take a jikin ƙarfen, ta yi daidai da ta kwali. In lamba a sitika kawai take, ko an ga alamar goge wurin, ka yi shakka. Ka ajiye tsohon kusa da sabon ka gwada tsayi, mazaunin sifirin, kunnuwan da ke riƙe tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Na gaba akwai na dama akwai na hagu, lambobinsu daban, kuma ya sha faruwa a ba mutum na gefe ɗaya guda biyu.

Wani abin takaici, shok da yawa a hannun mai ɗaurawa suke mutuwa. Wajen ɗaure notin sama sandar kan juya, sai yaron gareji ya damƙe ta da filaya. Wannan ɗan ƙarcen shi zai dinga yankan sil a duk motsi, bayan 'yan makonni mai ya fara tsiyaya, a ce kayan ne jabu. Kan sandar yana da wurin da aka tanada don sifana ko makulli, a riƙe ta nan. Ka tsaya a kansu. Robar kare ƙura da ɗan kushin da ke cikinta, in sun yage a saya sababbi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ƙurar hanyoyinmu ba ta barin sanda tsirara. A duba kujerar sama da boris ɗinta, don in ta mutu ƙarar za ta ci gaba ka ɗauka shok ne. Sifirin kuma a matse shi da abin matsewa na gaskiya, ba igiya ba, don in ya kuɓuce yana karya hannu. Bayan an gama a je a yi alaimen, wato daidaita saitin tayoyi.

Don haka Malam, ka koma garejin ka tsayar da su ka fitar musu da iska, ka gwada juyawar nan a gaban makaniken, ka duba lamba da walda. In sun tafi sumul ba rata, sun taso duka biyun ko da ɗaya ya yi jinkiri, a ɗaura. In ɗaya ya gaza, ka kwashi duka biyun da kwalinsu da rasit ka koma wa mai shago tun sifana ba ta taɓa su ba, don da zarar noti ya bar sawo a jiki ba zai karɓa ba, kuma kada ka yarda ya canza maka ɗaya da wani kamfanin daban. Allah ya tsare hanya.