Keke ko mashshaya, wanne za mu saya wa Hajiya?

Wata 'yar uwa daga Shari' Mansur a Makka ta rubuto: "An yi wa mahaifiyata aikin canjin kwatangwalo, jibi za a sallamo ta. Yayana ya dage sai an sayi keken marasa lafiya, ni kuma na ce mashshaya (ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da ake tafiya da shi), kuɗin ba zai ɗauki duka ba. Kuma bandakinmu na tsuguno ne."

Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. 'Yar uwa ni dai ba keken ne ya fi damuna ba, wannan bandakin ne. Galibi likita zai kafa mata doka ta sati 6 zuwa 12, musamman in ta baya aka yanka: kar kwatangwalon ya lanƙwashe ya wuce digiri 90, wato gwiwa kar ta ɗara ƙugu tsawo in ta zauna, kar ta ɗora ƙafa kan ƙafa, kar ta murɗa ƙafar ciki. Tsuguno kuwa ya karya dokar farko gaba ɗaya, kuma haka sabuwar gaɓar ke gocewa a koma asibiti cikin dare.

Don haka kuɗinku na farko ya tafi kan kujerar bahaya mai hannuwa wadda ake ƙara mata tsawo, a ɗora ta kan ramin. Sai mashshaya, ki riƙa duba tsawonta, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunta in ta tsaya hannu a sake. Ku duba kantin magani na Nahdi ko shagunan kayan asibiti, ko na hannu a Haraj, kasuwar tsofaffin kaya, amma in robar ƙafafun ta cinye kar ki karɓa ko kyauta ne, tayil ɗin gidajen nan ga santsi.

Keke kuwa ku ara ranar komawa asibiti. So ake ta taka, tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa, in aka sayi keke kuma kin san halin iyayenmu da jikoki masu son turawa, shikenan an zauna.

Abin da ba sai an saya ba: matashi tsakanin cinyoyi in za ta kwanta, a naɗe ƙananan dardumai daga hanya, zaman majalisi a ƙasa kuma a ɗage shi tukunna ko da baƙi sun cika falo. Salla ta yi a kujera mai tsawo, ta yi nuni ba tare da sunkuyawa sosai ba, hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya ba da wannan sauƙi ga wanda bai iya tsayuwa.

Wani kuma ya tambaya ko babansa zai iya umara da azumi, wata biyu bayan an yi masa irin wannan aikin. Malam, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga turereniya. In likitansa ya amince, a nan ne keken ke da amfani, ku yi haya a Harami ku hau bene.