Ga mai son koyarwa da bincike a fannin tace ma'adinai

Ƙanena, ka tambaya ko bayan digirinka na injiniyan sinadarai ya dace ka nemi digirin digirgir ka zama malamin jami'a a fannin raba ma'adinai masu muhimmanci, da kuma inda za ka fara. Na daɗe a wannan aiki, kuma shawarata ka shiga, domin ana matuƙar buƙatar masu shi.

Haƙo ma'adini ba shi ne jan aikin ba. Wahalar tana wajen raba shi da 'yan'uwansa. Ɗauki neodimiyam da firasiyodimiyam, biyu daga cikin ƙarafa 17 da ake kira "rare earths" a Turance, waɗanda ake yin maganaɗisun motocin lantarki da wasunsu. Maƙwabta ne a jadawalin sinadarai, halayensu kusan ɗaya, shi ya sa sai an bi da ruwansu ta tankuna masu ɗimbin yawa, ana gauraya shi da wani mai da ke janyo ɗaya fiye da ɗayan, ana bari ya kwanta, kafin su rabu. Aikin da Farfesa Xu Guangxian, masanin sinadarai ɗan China, ya yi kan wannan a shekarun 1970 na cikin dalilan da suka sa yau kusan kashi 90 cikin 100 na tace su a China ake yi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Lokacin da nake ɗalibi na yi watanni ina raba kobalt da nikel daga ruwan da na haɗa da hannuna, sakamako tsaf. Ranar da aka kawo mana ruwan narkakken garin tsofaffin batura, sai wata dauɗa mai kauri ta taru tsakanin ruwan da man, suka ƙi rabuwa. Baƙin ƙarfe da alminiyam da ke ciki ne suka ɓata komai. Na yi baƙin ciki sosai, amma daga nan binciken nawa ya zama na gaske.

Saboda haka kafin ka zaɓi mai duba aikinka, tambaye shi ko masana'antu na ba shi samfuri, kuma ko ɗalibansa na taɓa na'urar ICP, wadda ke auna yawan kowane ƙarfe a cikin ruwa, da hannunsu. Sunan jami'a yana bayan waɗannan.

Ka ƙware a lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan giram 100 ya shiga ka ga 80, kada ka rubuta komai sai ka gano inda sauran ya maƙale. Kuma ka fara koyon rubuta takardar neman tallafin bincike tun yanzu, don da ita za ka riƙe ɗalibanka da ɗakin gwajinka.