Amsa ga mai tambaya kan raya tsakiyar gari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce a ƙaramin garin da kike zaune a Amurka an gayyace ki shiga wata ƙungiyar sa-kai da ke son farfaɗo da tsakiyar gari inda shaguna suka rurrufe, kina tambaya ko abin yana haifar da ɗa mai ido, kuma ta ina ake farawa. Na daɗe a irin wannan ƙungiya a garinmu, zan gaya miki abin da na gani.

Shiga ki yi, amma ki san ciwon ya daɗe. Tun bayan dokar gina manyan titunan tarayya ta 1956 hanya ta fara kewaye ƙananan garuruwa, sai manyan kantuna irin su Walmart suka kafu a bayan gari inda fili ke da araha, ga wurin ajiye mota. Ciniki ya bi su. Abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana lalacewa ba zai gyaru a shekara ɗaya ba.

A 1977 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation, mai kare gine-ginen tarihi a Amurka, ta gwada wani shiri a garuruwa uku: Galesburg a jihar Illinois, Madison a Indiana, da Hot Springs a Dakota ta Kudu. A kowane gari sun ajiye ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki sai na tsakiyar gari. Daga nan aka kafa cibiyar Main Street ta ƙasa, mai taimaka wa garuruwa raya tsakiyarsu, a 1980, da ginshiƙanta huɗu: tsara ƙungiya, tallata gari, gyaran gine-gine, da ƙarfafa kasuwanci. Zancen ma'aikacin nan ki riƙe shi da kyau. Aikin gayya yana da albarka, mu ma da shi muka tashi, amma ɗan gayya yana da nasa aikin da iyalinsa, ba shi zai riƙa bin takarda ofis-ofis ranar Talata da safe ba.

Mu da biki muka fara, kuma nan muka yi kuskure. Aka tare titi, aka yi kiɗa, aka sayar da abinci, gari ya cika maƙil. Ranar Litinin shagunan da ke kulle suna nan a kulle. Sai wata dattijuwa mai shagon ɗinki ta tambaye mu a taro ko mun san masu gine-ginen da muke kuka a kansu. Babu wanda ya iya amsawa.

Daga ranar aiki ya canja. Muka je ofishin rajistar filaye na gunduma, muka bi titin gini-gini muna rubuta mai shi, nawa ne haya, rufi yana yoyo ko a'a, me ke saman bene. Abin da muka tarar ya ba mu mamaki. Da yawa daga cikin gine-ginen gado ne, magada sun watse a wasu jihohi, wasu ba su taɓa taka ƙafa a ciki ba, haraji kawai suke biya. Wani gini na kan kwana mun fi shekara muna aika wasiƙa da buga waya kafin 'yan'uwan su yarda su sayar. Yau gidan burodi ne a ƙasa, sama kuma mutane ke haya. Wannan saman bene shi ne abin da na fi so ki kula da shi, domin wanda yake kwana a tsakiyar gari shi ne mai sayen kofi da safe, shi ne mai kunna fitila da dare har mai wucewa ya ji wurin da rai.

Batun kuɗi kuwa, ki tambaya ko ƙungiyar tana da rajistar 501(c)(3), wato ta ƙungiyar da ba ta neman riba, don masu ba da gudummawa su samu rangwamen haraji. Kada ta rataya a wuyan hukumar gari kaɗai, zaɓe ɗaya yana iya yanke mata abinci. A haɗa da 'yan kasuwa da mazauna. Tallafin gyaran fuskar shago mun yi shi raba-daidai, mai gini ya sa rabi mu sa rabi, saboda wanda ya zuba kuɗinsa ba ya barin fenti ya ɓare. In kuma gwamnati ta amince cewa ginin na tarihi ne kuma ana kasuwanci a cikinsa, akwai rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara. Masu gini da yawa ba su sani ba sai mun kai musu takardun har gida.

A taronku na farko za ki ji ana ta kukan rashin wurin ajiye mota. Kafin a kashe ko sisi a kai, ki fita da safe ki duba motocin da ke gaban shaguna. A garinmu yawancinsu na masu shagunan ne da yaransu, kuma da muka roƙe su su koma ajiyewa a bayan layi, kukan ya ragu sosai.