Tambaya da Amsa: In karɓi albashi in sulale?

Anti salam, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gusau shekara 3 kenan, yanzu na samu aiki a Birnin Kebbi amma wallahi nauyin faɗa wa hedimasta nake ji. In jira albashi in sulale kawai?
Daga Tudun Wada

Haba ƙanwata, kar ki soma! Fara duba takardar ɗaukarki aiki, yawancinsu notis ɗin barin aiki na wata 1 suke rubutawa, in kuma ba a rubuta komai ba to sashe na 11 na dokar ƙwadago ya ce mai shekara 2 zuwa 5 notis ɗin mako 2 zai bayar, a rubuce, ba saƙon WhatsApp da tsakar dare ba. Ki fara sanar da hedimasta da bakinki kafin gulmar ofishin malamai ta riga ki, sannan ki miƙa rajista da makin yara.