Na sayi mota, ashe ta taɓa mummunan haɗari: zan iya mayar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi mota ta hannu a wurin wani mai sayar da motoci, ya rantse min ba ta taɓa haɗari ba, fenti kawai aka ɗan taɓa. Ban yi wata guda da ita ba sai na ga tana ja gefe, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Bakanike ya ɗaga ta, ya ce an yi wa shasinta walda, kuma yana zargin babu jakar iska, wadda ke kumbura ta kare direba in an yi karo, a sitiyari. Na koma wa mutumin, ya ce ai ciniki ya faɗa, a rasit an rubuta na gani na yarda. Ina da wata mafita kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana da mafita, amma ta dogara da abin da za ka iya tabbatarwa, ba da yawan ɓacin ranka ba. Abu biyu duk wani alƙali ko mai sasanci zai nema: shin lahanin yana jikin motar tun kafin a sayar maka, kuma shin an ɓoye maka shi ko an yi maka ƙarya a kansa? Saboda haka shawarar farko ita ce kada ka bari kowa ya gyara komai tukuna. Mutane da yawa a nan suke zubar da hujjarsu da hannunsu. Ran da mai walda ya sa wuta a wurin nan, mai sayarwa ya samu bakin cewa kai ne ka buga ta ka gyara. Ka ajiye motar, ka ɗauki hoton mitar kilomita yau ɗin nan, ka daina hawa. Motar da ake shakkar jakar iskarta da shasinta ma ba ta ɗaukar iyali ba ce.

Sai ka nemi mai duba mota wanda ba shi da alaƙa da kai ko da mai sayarwa, ya rubuta maka rahoto da hotuna, da kwanan wata, da sa hannu. Maganar bakanikenka ta baka ba za ta tsaya a gaban kowa ba. Mota ba ta iya ɓoye haɗari ga wanda ya san inda zai duba. A buɗe bonet a kalli kan notikan da suka riƙe fuka-fukan gaba: daga kamfani fenti ya rufe su sumul, in an taɓa sa musu sifana za a ga gefensu ya kankare. A bi gam ɗin da ke kan haɗin ƙarafa. Na kamfani yana tafiya daidai, na gyara kuwa ka ga alamar yatsa ko buroshi. Akwai 'yar na'ura ta auna kaurin fenti: fentin kamfani yawanci bai wuce maikron 100 zuwa 200 ba (maikron dubu ne milimita ɗaya), inda aka cusa fila don cike lotsawa kuwa sai ya haura 500, wani wurin har 1,000. Fitilu, gilasai da bel ɗin kujera galibi suna ɗauke da shekarar da aka ƙera su, to in fitilar hagu ta girmi ta dama da shekara biyar, sai a tambayi dalili. Muhimmin abu, mai rahoton ya faɗi ra'ayinsa a fili kan tsufan waldar. Tsatsa mai kauri da datti da suka zauna a kanta suna nuna ba aikin makonnin nan ba ne.

Batun jakar iska ya fi tayar min da hankali. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka zuba wa dashbod ido. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ana iya samun an cire ƙwan ko an rufe shi da baƙin tef. Wasu kuma sukan haɗa ta da wata fitilar don su riƙa mutuwa tare, ko su saka 'yar rezisto a madadin jakar don kwamfutar motar ta ɗauka komai lafiya. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanta matsalolin da kwamfutar mota ta adana, da ake sayarwa ko'ina yawanci injin kawai take karantawa, sai an sa babba mai shiga sashen jakar iska. Wannan dabara ta rufe fitila tana da nauyi a shari'a, domin ƙwan fitila ba ya cire kansa. Wani ne ya zauna ya yi rufa-rufa.

Kada ka manta da lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17, tsarin da ake bi tun 1981. Ka gwada ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardu, su zama ɗaya. In motar ta taɓa zama a Amurka ko Kanada, rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, zai iya nuna ko inshora ta taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Sau da yawa ma in ka rubuta lambar a intanet sai hotunanta na wurin gwanjo irin Copart ko IAA su fito, gaba a murƙushe, jakunkuna a fashe. Hoto ɗaya irin wannan mai kwanan wata ya fi shaidu goma. Amma rahoto mai tsabta ba ya wanke mota, tunda haɗarin da ba a kai wa inshora ko 'yan sanda ba ba ya shiga.

Yanzu ga maganar "ka gani ka yarda". Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma lauyan inda kake ne zai faɗa maka wadda ta hau kanka, amma kusan duka sun haɗu a wuri ɗaya: wannan rubutu yana kare mai sayarwa daga lahanin da ido ke gani da wanda shi ma bai sani ba, ba ya kare shi daga ƙarya. A Amurka, inda jihohi da yawa suka yarda a sayar da mota yadda take ba garanti, yaudara tana nan a matsayin abin ƙara. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa kwana 30 ya mayar da mota mai lahani ya karɓi kuɗinsa. Bayan nan mai sayarwa yana da damar gyara sau ɗaya, kuma cikin wata shida na farko shi ne zai tabbatar lahanin ba ya nan lokacin ciniki. Ƙasashe da dama da Ingila ta mulka sun gaji dokarta ta sayar da kaya ta 1893, wadda ta ce dole kaya su dace da yadda aka siffanta su. A Faransa, sashe na 1641 na dokar farar hula ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, ko da ba ɗan kasuwa ba ne, mai saye yana da shekara biyu daga ranar da ya gano, ya zaɓi mayarwa ko a rage masa kuɗi. Fikihun Musulunci ma ya san wannan zaɓi na aibi, kuma a wurin Malikiyya wanda ya san aibi ya yi shiru ba ya fakewa da cewa ya barranta.

Abin da ya ƙara maka ƙarfi shi ne ɗan kasuwa ne ya sayar maka, kuma ya furta cewa ba ta taɓa haɗari ba. Matsalar ita ce da baki ya faɗa. Ka binciko tallar motar, saƙonnin WhatsApp, muryar da ya turo, da wanda ya raka ka ranar. Ka adana su kafin a goge. Ka kuma duba sunan wa ke kan rasit da asusun da kuɗi ya shiga, don in dillali ne a tsakani kowa zai riƙa tura ka wurin ɗan'uwansa.

Da waɗannan a hannu sai ka rubuta masa takarda, gajeriya, ba zagi: ranar ciniki, abin da ya faɗa, abin da rahoto ya nuna, abin da kake nema, da wa'adi, misali kwana 14. Ka riƙe kwafi da shaidar ya karɓa. Ni a ganina, mayarwa za ka nema. Ragin kuɗi ya dace da ƙofar da aka yi wa fila, amma shasin da aka yi wa walda ba lallai ne ya naɗe yadda aka tsara shi ba in an sake karo, kuma saitin ƙafafu yana iya ƙin zama. In ya ce a kai wa makanikensa ya gyara, kada ka yarda. Haka in ya ce ka kawo motar ya sayar ya ba ka kuɗinka. Kada makulli ya bar hannunka sai da yarjejeniya a rubuce mai adadin kuɗi da ranar biya, in ba haka ba ka rasa mota ka rasa hujja.

In wa'adi ya cika bai motsa ba, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarku, ko ƙungiyar masu sayar da motoci in yana cikinta, ko kotun ƙananan ƙararraki in kuɗin bai wuce iyakarta ba. Ka yi lissafin kuɗin lauya da lokaci tun kafin ka shiga. Kada ka yi saurin watsa sunansa a Facebook kana kiransa ɓarawo, yana iya juya maka ƙarar ɓata suna. Kuma kada ka ja lokaci: wanda ya gano aibi ya ci gaba da hawa wata da watanni, ana iya ɗaukar ya yarda da shi.

In kuma duk ya ci tura ka yanke shawarar rabuwa da ita, ka ba mai saye rahoton nan ya karanta, a rubuta a takardar ciniki cewa ya san da waldar shasi da batun jakar iska. Yanzu kai ma ka sani, dokar da ta hau kan wancan ta hau kanka.