Tambaya da Amsa: Tsaka ta faɗa mana a miya

Tambaya: Malam barka da aiki. Jiya tsaka ta faɗo mana cikin tukunyar miya, kakata ta ce a zubar don wai tana sa kuturta. Gaskiya ne? Kuma a tsohon gidanmu na ƙasa suna da yawa, amma tunda muka koma sabon gida ba na ganinsu sosai, ko ƙarewa suke yi? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Hajiya Kaka ta yi daidai da ta ce a zubar, a dalilin ne muka rabu. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan Norway mai suna Hansen ya gano ta tun 1873, kuma daga mutum take zuwa mutum bayan an daɗe ana zama tare. Tsaka ba ta da dafi sam. Matsalarta kashinta ne, yana iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa gudawa, don haka a rufe abinci, a rufe randa. Kadangaren bakin tulu ce dai, ita ke cinye miki sauro da ƙananan kyankyasai a gindin ƙwan lantarki cikin dare, amma ba wanda ke son ta a kicin. Zancen hadisin kashe ta kuwa na bar wa malamai.

Batun raguwa, gidan ƙasa duk tsaguwa ne ga azara ga bayan kwalla, nan take ɓuya ta saka ƙwanta guda biyu, to yanzu an yi filasta an sa tayil an rufe silin sannan kullum ana fesa fiya-fiya, ina za ta zauna, me za ta ci? Amma fa ta gida ba ƙarewa take ba, ta iya zama da mutane.

Na daji ne ke cikin wahala. Akwai wata 'yar shuɗiya a dajin Kimboza na Tanzaniya, bishiya iri ɗaya tak take rayuwa a kai, masu kama ta suna sare bishiyar su tura ta Turai a sa a keji don kwalliya, sai a 2016 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji. Ita ma tokay, wata babbar tsaka ta Asiya da ake busarwa a yi magani, a 2019 aka sa wa cinikinta ƙa'ida.

A gaida Hajiya Kaka, a ce mata ta ci gaba da zubarwa.