Amsa kan jingar sauyin rayuwa da tasowar yara

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce an ba ku jinga a kwas ɗin renon yara, ku yi bayanin yadda sauye-sauyen rayuwa ke shafar tasowar yaro daga haihuwa zuwa shekara 8, cikin kalma 1,500. Kin jero sauyi goma sha biyu, daga nan alƙalami ya tsaya. To, jerin nan shi ne ya tsayar da ke. Ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kike karatu ko ta NTI (Cibiyar Malamai ta Ƙasa), mai duba takarda maki kaɗan yake bayarwa a kan jero abubuwa kawai. Makin yana wurin dalili: me ya sa wannan sauyi ya taɓa yaro ta wannan fuska, a wannan shekaru.

Ki soke tara, ki bar uku. Ki haɗa wanda ake sanin zuwansa, kamar yaye, samun ƙane ko shiga makaranta, da wanda yake faɗowa ba sallama, kamar rasuwa, mutuwar aure ko gudun hijira. Bambancin yana da amfani, domin na farkon ana iya shirya wa yaro shi, na biyun kuwa sai dai a tallafe shi bayan ya auku. A kan kowanne ki tambayi kanki: shekarar yaron nawa, me ya rasa, me ake gani a jikinsa da halinsa, wane ɓangaren tasowa abin ya taɓa (jiki, fahimta, harshe, mu'amala ko yanayin zuciya), wane ra'i ne ya bayyana dalilin, sannan me mai reno za ta yi. Amsoshin nan in kin jera su a jimloli, sakin layi ya fito.

Bari mu ɗauki yaye, don shi ne misalin da ya fi ƙarfi a wurinmu, kuma ɗalibai sun fi tsallake shi saboda ba ya cikin abin da suke kwafowa daga intanet. Yaro ɗan wata 18 zuwa 24, a shafa wa nono maɗaci, ko a ɗauke shi da safe a kai shi gidan kaka ya yi mako guda ko fiye. Mu muna ganin nono kawai aka raba shi da shi. Shi kuwa abu uku ya rasa a rana ɗaya: abincin da ya sani, bayan da ake goya shi, da jikin da yake kwana a jingine da shi. A nan za ki kawo ra'in shaƙuwa na masanin halayyar yara John Bowlby. Shi da James Robertson, a farkon shekarun 1950, sun lura da ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibiti, suka ga mataki uku: yaro ya yi ta kuka da fizge-fizge, sai ya yi lakwas ya daina wasa da cin abinci, daga baya ya nuna kamar bai damu ba. Wannan mataki na biyu shi ne wanda a gida ake cewa "ai ya haƙura". Na ukun kuma kin san shi: ranar da uwa ta zo ɗaukarsa, ta miƙa hannu, sai ya kau da kai ya cusa fuska a zanin kakarsa.

Amma kada ki tsaya nan, don a nan ne takarda mai kyau take rabuwa da matsakaiciya. Yaran da Robertson ya gani a hannun baƙi aka bar su, cikin ɗakin asibiti. Yaronmu kakarsa ya sani tun yana zanin goyo. Akwai binciken da Marvin da LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 kan jariran Hausawa, suka samu jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a cikin gida, duk da akwai wadda ya fi karkata gare ta. Saboda haka ki rubuta cewa zafin yaye ya danganta da wurin wa aka kai yaron, da ko an yi shi a hankali ko farat ɗaya. Wannan shi ne abin da ake nufi idan tambaya ta ce "evaluate": ki auna ra'in da abin da ke faruwa a gidajenmu, ki faɗi inda ya dace da inda ya gaza. Kada kuma ki manta da jiki. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko tsura yana iya ramewa har ya kai ga tamowa, ga gudawa in ba a kula da tsabtar kofi da ruwa ba. Shawarar da za ki rubuta ita ce a rage shayarwa ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, a fara da ta rana a bar ta dare a ƙarshe, a riƙa haɗa kunu da gyaɗa ko waken soya, a ƙara ƙwai da kifi.

Shiga makaranta ya fi sauƙin rubutawa, sai dai akwai abin da ake yawan kuskurewa a Kaduna, wato harshe. Yarinya 'yar shekara 4 daga Tudun Wada ko Rigasa, a gida bakinta ba ya hutawa, a kai ta ajin da Turanci kawai ake yi, sai ta yi gum. Makonni tana kallo ba ta cewa uffan. Ɗalibi sai ya rubuta cewa tana da jinkirin magana. Ba haka ba ne. Yaron da ya shiga sabon harshe yakan yi lokacin shiru yana saurare yana tarawa, kuma hanyar ganewa ita ce a tambayi uwa yadda take magana a gida. Irin wannan yarinya za ki ga ta jiƙa kayan makaranta, ba don ba ta iya riƙe fitsari ba, sai don ba ta san yadda za ta nemi izini ba. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya sa 'yan shekara 3 zuwa 5 a matakin da yaro ke gwada yin abu da kansa, in aka kunyata shi sai ya riƙa jin ya yi laifi ya janye. Kin ga yadda tsawa ɗaya a gaban aji kan wando jiƙaƙƙe take taɓa harshe da mu'amala da zuciya gaba ɗaya. Abin yi a bayyane yake: a kawo yaro ya ga aji kafin ranar farko, a fara da awa biyu kafin cikakken wuni, a ɗora shi a hannun malama ɗaya da zai sani, a nuna masa banɗaki da Hausa tun ranar farko, uwa kuma ta yi masa sallama ta ce za ta dawo bayan azahar, kada ta sulale. Sulalewa tana rage kukan ranar, amma gobe ba zai saki gyalenta ba. Ki kuma faɗi gaskiyar aji: tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, ki nuna abin da ke samun sabon yaro idan adadin ya zarce haka.

Na uku ki ɗauki rasuwa ko mutuwar aure. Masanin tasowar yara Piaget ya nuna ɗan shekara 2 zuwa 7 yana kallon duniya ta kansa ne, shi ya sa yake iya ɗauka rashin jinsa ne ya kori uwarsa. Ƙasa da shekara 5 kuma yawanci yaro bai gane cewa in an mutu ba a dawowa ba. In aka ce masa "Baba ya yi tafiya", zai riƙa zama a bakin zaure duk magariba yana jiran ƙarar babur. Gara a faɗa masa gaskiya da kalmomi kaɗan, a maimaita duk lokacin da ya tambaya. Abin da nake so ki fito da shi sosai a nan shi ne sauyi ba ya zuwa shi kaɗai. Aure ya mutu, yaro ya koma hannun matar uba ko riƙon gwaggo, ya canza unguwa, ya canza Islamiyya, ya rasa abokan wasa. Ra'in masani Bronfenbrenner na 1979 ya dace da wannan, tunda yana kallon yaro a tsakiyar gida, makaranta da unguwa, kowanne yana taɓa ɗan uwansa. Haka za ki yi da yaran da rashin tsaro ya koro da iyayensu daga ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa, in kin zaɓi wannan.

Kura-kurai uku suna cin maki ba gaira ba dalili. Rashin faɗin shekaru: fitsarin kwance ga ɗan shekara 3 ba komai ba ne, amma ga ɗan shekara 7 da ya daɗe da dainawa alama ce ta komawa baya. Yanke hukunci: kada ki ce yaron da iyayensa suka rabu "zai lalace", ki ce "yana iya", ki kawo abin da ke kare shi, musamman babba ɗaya tsayayye da tsarin yini da ba ya canzawa. Sai mantawa da alheri: samun ƙane yana koya wa yaro jira da rabawa, makaranta tana buɗe masa baki. Ki kuma raba tasirin makonni da na shekaru, ki ce idan alamomi suka wuce wata ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, ko yaro yana ramewa, a kai shi asibiti.

Idan jingar ta nemi ki lura da yaro na gaske, ki nemi izinin iyaye da shugabar makaranta, ki kira shi "Yaro A". Ki rubuta abin da idonki ya gani da lokacinsa: "8:10, ya riƙe jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa minti shida." Fassararki ki ajiye ta a wani layi daban. In kin ga alamar cutarwa, ki kai wa shugabar makaranta, kuma a takarda kina iya ambaton dokar kula da kare yara ta jihar Kaduna ta 2018.

Kalmomin ki raba su haka: 150 gabatarwa mai ma'anar sauyi da ire-irensa, 400 ga kowane misali, 150 rufewa. Gabatarwar ki bar ta sai kin gama misalan uku, don a lokacin ne za ki san abin da kike gabatarwa.